Bulo ɗaya bai isa shaida ba

Jiya muna wanke cebur ka ce: "Maigida, tunda bulon da muka buga da jar ƙasa da toka da ruwan soda ya ƙi fashewa, me zai hana mu shimfiɗe farfajiyar siton duka da shi?"

Ɗana, wannan bulon ɗan gata ne. Da hannu ka cuɗa shi a kwano, ka auna ruwansa, ka lulluɓe shi da leda a inuwa. Farfajiya ba za ta samu wannan gatan ba.

Haɗin kansa ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1950 wani masani mai suna Glukhovsky ya fara aiki a kansa a Yukiren. Soda ce ke narkar da sinadaran cikin toka su koma danƙo, su kama ƙasa. A ƙasashen waje sun fi amfani da tokar kwal da kashin makera na masana'antar ƙarfe. Mu nan Kura tokar ɓuntun shinkafa muke da ita, kuma ƙunarta ba ɗaya ba ce: ta yau fara, ta gobe baƙa da gawayi. Ko iyayen gidanmu masu laso, wato shafen da ke kare ginin ƙasa daga ruwa, sai sun duba katsin da aka kwaso daga karofi kafin su yarda da shi.

Saboda haka za mu ware fili, taku 10 a tsaye, 3 a kwance. Mu zuba haɗin kaurin santimita 15, mu daddaɓe. A nan asiri ke tonuwa: inda soda ba ta ratsa ba, inda ruwa ya yi yawa ƙasa ta yi laushi, inda iskar hunturu ta busar da sama ciki bai kama ba. Rabi mu rufe, rabi mu bar wa rana. Ranar kwana 7 da ranar kwana 28 mu yanko daga tsakiya da gefe, mu jiƙa a ruwa. Sannan a bi ta kai da amalanke cike da buhuna. Ni dai hankalina ba zai kwanta ba sai ruwan Agusta ya kwana a kansa, domin dukiyar mutane za a jibge a wurin.

Gobe ka zo da safar hannu da takalmin roba da tabarau. Soda tana cin fata. Ita ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba mata ruwa, kuma a bar ta ta huce kafin ta taɓa ƙasa.