Tambaya da Amsa: rahotona na albasa yana cin lokaci, ina matsalar?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni daga Tawa nake, ina riƙe wa wata ƙungiyar masu saida albasa lissafi a PostgreSQL, manhajar adana bayanai. Na rubuta tambayar SQL guda mai OVER uku: jimillar kuɗi rana bayan rana, lambar layi, da kuma wa ya fi ciniki a kowace kasuwa. Da tebur ya yi girma sai kwamfuta ta riƙa jan ƙafa wallahi har in sha shayi bata gama ba. Laifin inji ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yi saurin sayen sabuwar kwamfuta tukuna. Sa EXPLAIN ANALYZE a gaban tambayar taka, zai nuna maka matakan aikin da lokacin da kowanne ya ci, ka ƙirga sau nawa kalmar Sort (jera layuka) ta fito ƙarƙashin WindowAgg (matakin da ke lissafin OVER), yawanci nan lokacin ke tafiya.

Kowane OVER kafin ya yi aiki sai an jera mishi layuka bisa abin da ka sa a PARTITION BY da ORDER BY. Kamar buhunan albasar Galmi ne a sito, ka sa yara sun jera su kasuwa kasuwa kuma rana rana, sai ka dawo ka ce a'a a sake bisa farashi, to ai sabon dako ne. In tagogi biyu (wato OVER biyu, kowanne taga ake ce mishi) jerinsu iri ɗaya ne sak, PostgreSQL sau ɗaya zai jera. Tun sigar 12 ta 2019 ma yana fara da taga mai dogon jeri, saboda haka in ɗaya kasuwa, rana, lamba ce ɗayar kuma kasuwa, rana kawai, ta biyun tana hawa kan aikin ta farko kyauta. Amma ka sa DESC (jeri daga babba zuwa ƙarami) a ɗaya ka bar ɗayar haka nan, ka jawo jeri na biyu, kuma sau da yawa mutum bai ma buƙaci hakan ba.

Ta ukun, mai bin yawan kuɗi, dole a sake mata jeri, ba makawa. Sai dai daga sigar 14 ta 2021 yana iya yin Incremental Sort wa tagogi, wato tunda kasuwanni sun riga sun jeru sai ya gyara cikin kowace kasuwa kaɗai, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In tsohuwar siga kake kai, wannan kaɗai ya isa dalilin sabuntawa.

Sannan ka yi indes (index, jerin da aka riga aka tanada wa tebur) a kan kasuwa, rana, lamba, da wannan tsarin daidai, yana iya kawar da jerin farko gaba ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙonka, tunda kuɗin mutane ne. Kar ka ƙara lamba cikin ORDER BY na jimillar don kawai tagogin su zama ɗaya ba tare da ka duba ba. Yanzu cinikin rana guda duk jimilla ɗaya suke nunawa, in ka ƙara lamba kowane layi zai nuna tashi daban, rahoton ya canza ma'ana.

In kuma ka ga an rubuta external merge Disk, jerin ya fi ƙarfin work_mem, wato memorin da aka ware wa aikin jeri, ya zube kan faifai. Asalinsa 4MB ne kacal. Rubuta SET work_mem = '64MB' kafin wannan rahoton kawai, kar ka ɗaga wa kowa da kowa, don kowane Sort nashi rabon yake ɗauka daban. Ka gwada ka turo mana abin da EXPLAIN ya nuna.