Shin Marubuci Zai Iya Raba Taurarinsa da Asalinsa?

Tambaya: Malam, na rubuta ƙagaggun labarai guda biyu, kuma waɗanda suka karanta sun ce mini duk taurarina tunaninsu iri ɗaya ne da nawa, har ana iya gane irin gidan da na tashi daga yadda suke magana. Yanzu ina son in rubuta labarin da babban tauraronsa mutum ne daga wata al'umma da ba tawa ba. Shin tasirin asalina da al'adata aibi ne da ya kamata in kawar daga rubutuna? Kuma ta yaya zan gina tauraron da bai tashi yadda na tashi ba?

Amsa: Malama, abu biyu masu karatunki suka gaya miki, kuma yana da kyau ki raba su. Cewa ana gane gidan da kika tashi daga rubutunki ba aibi ba ne, domin babu marubucin da ya taɓa tsira daga wannan, kuma wanda ya dage sai ya goge shi yakan ƙare da labari marar ɗanɗano wanda taurarinsa ba su da inda suka fito. Abin da ke buƙatar gyara shi ne na biyun, wato dukan taurarinki su riƙa tunani iri ɗaya, kuma maganinsa yana cikin ƙara sanin asalin naki ne.

Aikin farko da tarbiyya da rayuwa suke yi wa marubuci shi ne su zaɓa masa abin da idonsa zai riƙa gani. Mutum biyu za su shiga ɗaki ɗaya, ɗaya ya fito yana ba da labarin kayan da ke ciki, ɗayan kuma ya fito ya lura cewa maigidan bai ɗaga ido ya dubi babban ɗansa ba tun da aka zauna, saboda shi ma a irin wannan shirun ya girma. Marubucin Ingila Charles Dickens misali ne bayyananne. A shekarar 1824, yana ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashi, shi kuma aka tura shi aikin liƙa takardu a jikin tukwanen man goge takalmi. Ya ɓoye wannan al'amari ga jama'a har ya rasu a 1870, amma bashi da kurkuku da yaran da aka yasar sun cika littattafansa. A cikin Little Dorrit ya gina wani dattijo, William Dorrit, wanda ya shafe fiye da shekara 20 a wannan kurkukun, yana karɓar 'yan kuɗi daga hannun baƙi amma yana nuna kamar girmamawa ce ake yi masa, iyalinsa kuma suna ɓoye masa cewa 'yarsa tana fita ɗinki don su ci abinci, saboda kada mutuncinsa ya zube a idon kansa. Kowa zai iya rubuta cewa mai bashi yana shan wahala. Amma sanin cewa abin da ya fi ci wa irin wannan mutum rai shi ne a gane ya zama abin tausayi, da kuma sanin yadda gida guda zai haɗa baki don kare masa wannan rufin asiri, sai wanda ya zauna a cikinsa. Irin wannan sani kina da naki, kuma shi ne jarinki mafi girma.

Sai dai asalin da ya buɗe wa marubuci ido a wani wuri yakan rufe masa shi a wani. Shi dai wannan Dickens ɗin, a cikin Oliver Twist, ya ƙirƙiri Fagin, Bayahuden da ke koya wa yara sata, ya ɗora masa dukan munanan siffofin da al'ummarsa ta saba jingina wa Yahudawa, yana ta kiransa da sunan ƙabilarsa maimakon sunansa. Sai a 1863 wata mata Bayahudiya mai suna Eliza Davis ta rubuta masa wasiƙa ta nuna masa zaluncin da ya yi wa mutanenta. Daga baya ya saka wani Bayahude mutumin kirki mai suna Riah a cikin Our Mutual Friend, ya kuma rage yawan wannan laƙabi a wani bugu na Oliver Twist. Abin lura a nan shi ne mutumin da ya fi kowa fahimtar wulakancin talauci bai ga wulakancin da shi kansa yake yi ba, domin ra'ayi ne da ya tarar kowa a kewayensa yana riƙe da shi. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Don haka duk lokacin da wani tauraro ya zo miki da sauƙi ƙwarai, cikakke da kamanninsa da halinsa tun ba ki yi tunani ba, ki tsaya ki bincika ko ke kika ƙirƙire shi ko kuwa gadonsa kika yi.

To, a ina al'ada take zama a jikin tauraro? Masu fara rubutu sukan zuba ta a suna da tufafi da gaisuwa, su ɗauka sun gama. Waɗannan suna da amfani, amma mai karatu yana wuce su cikin layi biyu. Wurin zamanta na ainihi shi ne abin da tauraron yake tsoron rasawa, da abin da yake jin kunyar a sani game da shi, da mutanen da yake ganin suna da haƙƙi a kansa. Chinua Achebe, wanda aka haifa a 1930, ya nuna wannan a cikin Things Fall Apart da ya fito a 1958. Okonkwo, babban tauraron littafin, ya tashi a al'ummar da ke auna namiji da ƙwazonsa da jarumtarsa, mahaifinsa Unoka kuwa rago ne da ya mutu da bashi a kansa, saboda haka rayuwar Okonkwo gaba ɗaya ta ginu ne a kan tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa. Wannan tsoron ne ya sa ya sari Ikemefuna, yaron da ke kiransa baba, duk da cewa wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu a kisan. Da za a cire dukan bayanin bukukuwa da ke cikin littafin, al'adar za ta ci gaba da aiki a cikin wannan sara guda ɗaya.

Ga kuma inda maganin matsalarki yake. A garin da Okonkwo ya tashi nan amininsa Obierika ya tashi, a ƙarƙashin dokoki ɗaya, amma ya ƙi bin masu kai yaron a kashe, kuma mutum ne mai yawan tambayar kansa dalilin wasu hukunce-hukuncen mutanensa. Nwoye ɗan Okonkwo kuwa kisan ya karya masa zuciya har daga baya ya bar addinin iyayensa. Haka marubuciyar Senegal Mariama Bâ ta yi a littafinta na 1979, wanda doguwar wasiƙa ce da Ramatoulaye ta rubuta wa ƙawarta Aissatou tana cikin takaba: dukansu biyu an yi musu kishiya ta hanyar da ta ƙona musu rai, ɗaya ta kwashe 'ya'yanta ta bar auren, ɗaya ta zauna, kuma marubuciyar ba ta mayar da kowacce sakarya ba. Al'ada takan ɗora wa mutanenta nauyi iri ɗaya, amma kowa da yadda yake ɗaukarsa: wani ya rungume shi, wani ya ɗauka yana gunaguni, wani ya yi amfani da shi don biyan buƙatarsa, wani ya jefar ya gudu. Ina kyautata zaton abin da ya faru a labaranki shi ne kin ba kowane tauraro matsayin da ke kanki kika ɗauka. Ki waiwayi gidan da kika tashi ki tuna mutumin da kuka fi saɓa wa juna a ra'ayi, ki rubuta shi yadda in ya karanta zai ce lalle haka yake tunani, ba tare da kin sa masa hujja mai rauni a baki don taki ta yi nasara ba.

Bari in nuna miki abin a aikace. A ce an sallami wani magidanci daga aiki. In ya tashi da fahimtar cewa darajar namiji tana ga ciyar da iyalinsa, zai iya ci gaba da tashi da sassafe, ya shirya ya fita kamar kullum, ya yini a zaune a ɗakin karatu, ya dawo daidai lokacin da ya saba yana cewa aiki ya yi yawa. Matarsa za ta gane tun a mako na farko, domin ya daina ƙorafi a kan shugabansa, amma ba za ta ce uffan ba, sai dai ta fara rage cefane a ɓoye, ta kuma ci gaba da yi masa sannu da aiki. In kuwa ya tashi a gidan da ake baje matsala a fili, tun daga bakin ƙofa zai faɗa, kuma abin da zai hana shi barci shi ne yadda zai gaya wa tsohuwarsa da ke jiran aikensa kowane ƙarshen wata. Ba a ambaci sunan ƙasa ko ƙabila ba a duka biyun, amma mai karatu ya riga ya san irin duniyar da kowannensu ya fito, kuma ya san ta ne daga abin da aka ɓoye da wanda aka ɓoye wa.

Kada kuma ki taƙaita asali ga wurin haihuwa, domin abin da mutum ya karanta da abin da ya kalla duk sun shiga ciki. Abubakar Imam ya haɗa karatun Larabci da na boko, kuma da yawa daga labaran Magana Jari Ce ya samo su ne daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, amma ya sake ƙera mutanen cikinsu har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu. A fagen zane ma haka ne: manyan idanun da aka san taurarin zanen Japan da su sun yaɗu ne ta hannun Osamu Tezuka, wanda ya tashi yana kallon majigin zane na Amurka irin na Disney. Aro ba laifi ba ne matuƙar abin da aka aro ya ratsa ta cikin mai aron.

Game da rubuta mutumin wata al'umma, amsata ita ce kina da ikon yin haka, kuma adabi zai talauce in kowa ya tsaya a kan irinsa kaɗai, amma aiki ne mai nauyi. Wani Bature mai suna Joyce Cary ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Najeriya, ya zauna da mutanen shekaru, ya kuma fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu ɗan Najeriya, a 1939. Turawa sun yaba wa littafin, amma da Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan bai ga mutum irin waɗanda ya sani a cikin akawun da aka siffanta ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka tunzura shi ya rubuta nasa. Cary ya ga yadda mutanen suke mu'amala da Bature mai iko a kansu, bai ga yadda suke ba idan ya juya baya. Zama kusa da mutane bai isa ba in har matsayin da kike kallonsu daga shi yana sa su ɓoye miki fuskarsu ta gida.

Saboda haka ki fara da karanta abin da 'yan wannan al'umma suka rubuta game da kansu domin junansu, musamman inda suke jayayya da sukar kansu, domin a nan za ki gane cewa su ma ba bakinsu ɗaya ba. Ki saurari abin da ke ba su dariya da abin da suke ɗauka cin mutunci. Kada ki sa tauraronki ya riƙa yi wa 'yan'uwansa bayanin al'adarsu, domin babu mai bayyana wa ɗan gidansu abin da dukansu suka sani, kuma da zarar ya fara hakan ya zama tafinta a madadin mutum. Ki ba shi wata damuwa tasa ta kansa wadda ba ta da alaƙa da ƙabilarsa, ki kuma sa aƙalla mutum biyu daga wannan al'umma a cikin labarin waɗanda halinsu ya bambanta, don kada mutum ɗaya ya ɗauki nauyin wakiltar jama'a guda. Abin da kuka yi tarayya da shi, kamar kishi ko kewar iyaye ko tsoron tozarta, daga zuciyarki za ki ɗebo shi, amma yadda zai bayyana shi da wanda zai iya bayyana wa, wannan sai kin koya daga wurinsu.

Idan kin kammala rubutun farko, ki ba mutum biyu ko uku daga cikinsu su karanta, zai fi kyau a samu bambancin shekaru da jinsi a tsakaninsu. Kada ki tambaye su ko labarin ya yi daɗi, domin kara za ta sa su ce ya yi. Ki roƙe su su ja layi a duk inda suka ji cewa mutumin wurinsu ba zai faɗi haka ba, ko ba zai faɗa wa wannan mutumin a gaban wancan ba, sannan ki tambaye su abin da zai yi a madadin haka. Inda suka saɓa wa juna, ki zaɓi abin da ya dace da halin tauraron da kika gina, inda kuwa bakinsu ya zo ɗaya, ki sake rubuta wurin ko da shi ne wanda kika fi so a littafin.