Lilon yara da tsohuwar taya: inda aikin yake lalacewa

Ka tambaye ni: "Maigida, an ba ni aikin lilon yara a tsakar gida, ga tsohuwar taya ga ragowar katako. In buga da ƙusa mai inci 6 in ɗaure da igiya, ya wadatar?"

Bai wadatar ba, ɗana. Ƙusa tana riƙe abin da yake zaune wuri guda. Lilo kuwa ja yake yi gaba da baya duk yini, a hankali sai ramin ƙusar ya buɗe, wata rana ta zare da yaro a sama. Duk inda nauyi ya rataya, noti za ka sa, mai kaurin milimita 12, da wosha, wato faifan ƙarfe mai huji da ake zura notin a ciki, ciki da waje.

Fara da tayar. Je wajen mai faci ka zaɓi ta ƙaramar mota, ka sa tsumma ka shafe ta ko'ina; inda tsumman ya maƙale, wayar ƙarfe ce ta leƙo, ka bar masa abarsa. Wanke ta da sabulu, ka kwantar da ita, ka huda ramuka 6 a gefen da zai kalli ƙasa. In ka manta da su, ruwan damina zai kwanta a ciki, cikin mako guda ka yi wa gidan kiwon sauro. A gefen sama ka huda 4 daura da juna, ka sa noti mai zobe, mai walda ya liƙe bakin zoben. Wosha ta ciki ta zama mai faɗi, don ƙarama tana cin roba har ta ɓulle. Igiya biyu a dama, biyu a hagu, ta haka tayar ba za ta riƙa juyi tana dukan ginshiƙi ba.

Ginshiƙan su ne rabin aikin. Fo-bai-fo biyu, wato katako mai kaurin inci 4 ta kowane gefe, busassu, marasa tsagewa, tsawon ƙafa 9 da rabi: ƙafa 2 da rabi a rami, 7 a waje, tazarar ƙafa 6 a tsakani, sai katakon da zai gitta samansu, wanda za a rataya tayar a jikinsa. Gindin da zai shiga ƙasa ka babbaka shi kaɗan ka shafa kwalta saboda gara. Baƙin man inji da muke shafa wa katakon rufi kada ya hau inda hannun yara zai kai. Kwaɓin da za ka cike ramin da shi kuma bokitin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Ka ɗan tudunta samansa don ruwa ya gangare, ka riƙa yayyafa masa ruwa, kada kowa ya hau sai bayan kwana 7. Yara za su dame ka, ka toshe kunne. Kowane ginshiƙi a ba shi tokara gaba da baya, in ba haka ba girgiza za ta sassauta gindin.

Igiyar leda rana tana cin ta. In ka murza ka ga tana gari, ta mutu. Sarƙa ta fi, amma ka zura ta cikin tsohon tiyo a inda ake kamawa, don kada ta datse yatsa. Tayar ta tashi daga ƙasa kamar inci 16.

Auna fili tun kafin ka haƙa rami: gaba da baya kowanne ninki biyu na tsayin lilon, wato ƙafa 14, babu bango, babu murhu, babu rijiya. In gidan bai kai ba, rage tsayin. A zuba yashi mai kaurin ƙafa 1 a ƙasa, kuma a nemi inuwa, don baƙar taya a ranar Afrilu ƙuna take yi.

In ka gama, kai za ka fara hawa, ka yi lilo da ƙarfi sau 20, ka sauko ka sake ɗaure notin duka.