Ga ƙanina mai son zuwa Jamus karatun laka

Ƙanina na ga saƙonka, wai ka ci karo da gurbin PhD a kan ƙarfen da ke cikin lakar gaɓar Antatika, kana tambaya ko abin yi ne, su Baba kuma na cewa mai mastas a jiyoloji kamfanin mai ya kamata ya nema. To shekarata uku a Bremen hannuna cikin lakar nan.

Ba ƙarfen maƙera ba ne fa, narkakke ne cikin ruwa, ɗan mitsitsi. Tekun da ya zagaye Antatika cike yake da taki, naitiret da fosfet duk akwai, amma ƙananan tsirran ruwa sun kasa yaɗuwa, miya ce an haɗa komai ba gishiri. Wani masanin teku Ba'amurke, John Martin, ne ya nace a ƙarshen shekarun 1980 cewa ƙarfe ne babu. Ka san ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi, ita ke kai wa Atilantika ƙarfe, can kudu kuwa ƙurar kaɗan ce, sai abin da ƙanƙara ta niƙe daga duwatsu da wanda laka ta saki. A ƙasan lakar inda oksijin ya ƙare bakteriya da tsatsa suke numfashi, su narkar da ita, ƙarfen ya yo sama, da ya haɗu da oksijin yawancinsa ya sake zama tsatsa ya kwanta, ɗan guntun da ya kuɓuta shi ruwa ke ja. Shi ya sa a bayan tsibirin South Georgia da ke can kudancin Atilantika teku ke yin kore shar har tauraron ɗan adam na hangowa, tsirran su zuƙe iskar kabon, ƙananan jatan lande su cinye su, manyan kifaye su bi.

Amma kar hoton Polarstern, jirgin ruwan bincike na Jamus, ya ruɗe ka. Aikin shi ne a jawo laka cikin bututu, ka shige ɗakin sanyi ka tura hannu cikin jakar leda mai naitirojin kana zuƙo ruwan lakar da sirinji, yatsu sun ƙage, ka ɗiga sinadarin gwaji ferrozine, in akwai ƙarfe ruwan ya koma shuɗi-shuɗi mai ja. Samfurina na farko iska ta shiga ban lura ba, da safe na tarar da tsatsa kwance a gindin kwalba, wallahi kamar in yi kuka.

In hannunka ya faɗa a kemistiri ka nema kawai. Yawancin irin wannan gurbi kwantiragin aiki ne da albashi, ba sai ka zuba Yuro dubu goma sha ɗaya da ɗoriya a asusun kulle, wato asusun bankin da ake nunawa wajen neman biza, kamar ɗaliban mastas ba. Turo min takardunka da wasiƙar da ka rubuta in duba kafin ka aika, kuma ka bar min Baba, zan kira shi ranar Juma'a in sha Allah.