Tambaya da Amsa: Na shiga Emacs ta taminal, na rasa ƙofar fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina karanta kimiyyar kwamfuta a Zariya, malaminmu ya ce mu riƙa rubuta kod ɗinmu a saba, wato wata kwamfuta da muke shiga daga nesa ta hanyar SSH, ba linzami ba komai sai baƙin allo, ya ce mu yi amfani da Emacs, wata manhajar rubutu da gyaran kod. Na buga emacs ya buɗe, na yi rubutu kusan shafi guda amma na kasa yin sebin kuma na kasa fita, a ƙarshe sai da na rufe taminal ɗin, wato baƙin allon da ake buga umarni, gaba ɗaya. Don Allah yaya ake yi? Kuma shin ya cancanci wahalar ko in koma nano, ƙaramar manhajar rubutun nan mai sauƙi, kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da fama. Farko dai wataƙila aikinka bai ɓata ba. Emacs yana ajiye kwafi da kansa duk bayan dannawa 300 ko in ka yi daƙiƙa 30 ba ka taɓa kibod ba, in dai da sunan fayil ka buɗe shi. Duba fodar, in ka ga wani fayil da alamar # a gaba da bayan sunansa to shi ne. Buɗe asalin fayil ɗin, danna Alt da x, rubuta recover-file, zai dawo maka da shi. Wannan abu ya sha cetona ranar da aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki batirin laftof kuma ya daɗe da mutuwa.

Yanzu buɗewa. Ka buga emacs -nw sannan sunan fayil, misali emacs -nw aiki.py, wannan -nw ɗin yana gaya masa kar ya nemi taga, ya zauna cikin taminal. In kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod ɗinka, ya ce maka kuskure na layi na 42 ne, buga emacs -nw +42 aiki.py zai sauke ka daidai kan layin. A Ubuntu ko Debian in babu shi, sudo apt install emacs-nox ya wadatar, ya fi cikakken Emacs sauƙin nauyi, datarka ma za ta huta.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne yadda suke rubuta maɓallan. C na nufin Ctrl, M na nufin Alt. To C-x C-s shi ne sebin, wato ka riƙe Ctrl ka danna x sannan s. C-x C-c shi ne fita. C-g kuwa ka haddace shi kamar lambar wayarka, duk inda ka maƙale ko ka danna abin da ba ka gane ba, shi ne zai fito da kai. Sai C-h t, darasi ne da ke cikinsa, ka ba shi awa ɗaya wata Asabar da safe.

Maganar ko ya cancanta, ni dai a wurina ya cancanta ƙwarai. Nano yana da kyau in gyaran layi biyu za ka yi ka wuce, ba na raina shi. Amma Emacs tun asalinsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1976, da kuma GNU Emacs da Richard Stallman ya fitar a 1985, an gina shi ne don mai amfani ya sarrafa shi yadda yake so, kusan kowane maɓalli da ka danna wani ɗan aiki ne da aka rubuta da yaren Emacs Lisp, kuma kana iya canza shi ko ka ƙara naka. Ga misali da ya shafe mu kai tsaye. Ka san yadda muke wahala da ƙ da ɗ da ɓ a kibod ɗin Turawa, har mutane suna rubuta k' ko su bar ƙugiyar gaba ɗaya. Buɗe ~/.emacs.d/init.el, fayil ɗin saitinka na Emacs, ka saka wannan:

(global-set-key (kbd "C-c k") (lambda () (interactive) (insert "ƙ")))

Bayan ka yi sebin ka sake buɗe Emacs, duk sanda ka danna C-c k, wato Ctrl da c sannan k kaɗai, sai ƙ ta fito. Maimaita layin ga d da b da y in kana rubuta ƴ irin ta mutanen Nijar. In ba ka da inda za ka kwafo harafin tun farko, danna C-x 8 da Enter ka rubuta 0199, ƙ ce, 0257 kuma ɗ, 0253 ɓ. Ranar da na fara yin wannan na ga sunan Ɗanladi ya fito da ƙugiyarsa a baƙin allo, wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina.

Gargaɗi ɗaya, kar ka je ka kwaso init.el ɗin wani mai layi dubu ka zuba a naka, ranar da ya lalace ba za ka san ta ina za ka fara ba. In ma hakan ta faru, emacs -Q -nw zai buɗe shi tsirara ba tare da saitinka ba, sai ka gyara. In kuma ka ga yana jinkirin tashi, kunna emacs --daemon sau ɗaya, daga nan ka riƙa shiga da emacsclient -t, nan take yake buɗewa.

Ko ba laftof a hannu, saka Termux, manhajar taminal ta waya, a wayar Android, buga pkg install emacs, maɓallin rage sauti shi ne Ctrl ɗinka. Ka gwada ka rubuto mana yadda ta kaya, Allah ya ba da sa'a.