Shin Motsa Jiki Yana Taimaka wa Mai Son Barin Taba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina shan taba sigari, ina tuba ina komawa. Wani abokina ya ce in fara sassarfa da safe da buga ƙwallo, wai sha'awar za ta ragu. Wani kuma ya ce duk wasa ne, addu'a kawai zan riƙe. Mene ne gaskiya? Kuma ko hakan zai amfani ƙanena da ya faɗa shan tiramol?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙarfafi niyyarka, ɗan'uwa.

Barin taba wajibi ne a kanka. Gaskiya ne malaman da suka fara ganinta sun yi saɓani: Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta, shi kuwa Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, cikin Chadi ta yau, ya yi rubutu a kan haramcinta. Uzurin masu halattawa shi ne cutarwarta ba ta fito fili a zamaninsu ba. Yau kuwa an san tana jawo sankarar huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Allah ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka (Baƙara: 195), kuma Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa.

Tunda barinta wajibi ne, duk hanyar halal da za ta kai ka can abar nema ce, domin hanya tana bin hukuncin inda take kaiwa. Motsa jiki halal ne tun asali. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma a hadisin Muslim ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa a wurin Allah fiye da mai rauni. Ka duba kuma yadda ya umarci saurayin da bai da halin aure da yin azumi: ya nuna masa aikin jiki da zai karya sha'awa da shi. Saboda haka maganar mai ce maka addu'a kawai ba daidai ba ce. Annabi (SAW) da ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, shi ne ya koya mana addu'ar.

Ta ɓangaren likitoci, sinadarin nikotin ne ke riƙe mutum. Ƙishin tabar yakan taso da ƙarfi na 'yan mintuna ya lafa, kuma mako na farko ya fi tsanani. An gwada an gani cewa tafiya da sauri ta minti 10 tana rage wannan ƙishin a lokacin, tana sauƙaƙa ƙunci da saurin fushi. Amma kada in ɓoye maka: da aka tattara bincike-binciken da aka yi a 2019, ba a samu hujja mai ƙarfi cewa motsa jiki yana ƙara yawan masu barin taba har abada ba. Amfaninsa shi ne ya tsallakar da kai lokacin da ƙishin ya motsa. Ka haɗa shi da shawarar likita, wanda zai iya ba ka cingam ko filastar nikotin, ka kuma bar majalisar da ake busa tabar. Ina ganin zama a irin wannan majalisa shi ya fi kayar da masu tuba, fiye da nikotin ɗin kansa.

Batun ƙanenka ya fi nauyi. Tiramol da kodin ba a yanke su farat ɗaya ba tare da kulawar likita ba, don jiki yakan yi bore har ya galabaitar da mutum ya koma. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, ko sashen ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA. Ƙwallo za ta cike masa lokacin zaman banza, amma bayan an fara magani. Kada ku ɗaure shi da mari ko ku doke shi, zalunci ne.

In za ka fita, ka rufe al'aura daga cibiya zuwa gwiwa, kada wasa ya cinye maka La'asar ko Magariba, kada kuma a sa caca. In kana da hawan jini ko ciwon ƙirji, ka fara ganin likita kafin gudu. Wallahu a'alam.