Fiffiken jirgi yana lilo a sama, karyewa zai yi?

Hajiya, kin ce da kuka tashi daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi za ki Abuja, kin leƙa ta taga kin ga fiffiken yana lilo sama da ƙasa, har kika kama salati. Salati dai ba ya yawa, amma ki kwantar da hankalinki, haka aka ƙera shi.

Dubi darbejiya in iskar farkon damina ta taso: ɗanyen reshe rangaji yake yi, busasshen ne ke ɓallewa. Fiffiken da ya sandare kamar taɓarya shi ne abin tsoro.

Kafin hukumomin kula da jiragen sama, wato FAA ta Amurka ko EASA ta Turai, su yarda sabon samfurin jirgi ya ɗauki fasinja, sai an ɗaure shi a masana'anta, an ja fikafikansa da na'urori har nauyin ya kai ninki ɗaya da rabi na mafi tsananin abin da ake zaton zai gamu da shi a sama. Dole ya jure aƙalla daƙiƙa 3. A 2010 kamfanin Boeing ya yi wa jirginsa 787 wannan gwaji, fikafikan suka lanƙwashe sama wajen ƙafa 25, ba su karye ba. Lilon da kika gani ko kusa da haka bai kai ba.

A nan gida, hukumar NCAA ce ke sa ido kan gyaran jiragen da lafiyarsu.

Ni abin da ya fi damuna shi ne masu kwance bel da zarar an lula. In jirgi ya shiga gargada, su ne ke buga kai da rufi.